Hayaƙi a Ɗakin Baba

Duk wanda ya shigo layinmu yana tambayar gidan Injiniya, yayana yake nema. Uwa ɗaya uba ɗaya muke, kuma ba da daɗin rai nake rubuta wannan a kansa ba, amma na haɗiye magana har ta tsaya mini a wuya.

Hannu kam Allah ya ba shi. Ka kawo masa tsohon babur da ya shekara goma jingine da bango kaji na kwana a kai, ka ba shi mako guda, sai ka ga abin ya tashi ya ɗauki buhu uku ya hau tudu ko tari babu. Kwance injin yake yi kaf, ya faɗaɗa cikin silinda, ya sa fistan da ya fi na asali girma, sannan ya zauna da magagari yana gyara kafar da mai ke shiga da wadda hayaƙi ke fita. Masu dako da babur har layi suke yi a ƙofar gida. Ba ni da ja a kan gwanintarsa. Abin da nake ja a kai shi ne a ɗakin Baba yake wannan aiki, kuma Baba yana ciki.

Mahaifinmu ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Baki ya karkace, magana ta tafi, sai wani gurnani da yake yi idan yana son ruwa ko a juya shi. Hannun hagu kaɗai ke motsi. Hankalinsa kuwa garau, idan ka kalli idonsa za ka san yana gane komai. Ɗakinsa shi ne babba a gidan, da daɓen siminti da ƙofa mai faɗi da babur zai shige, shi ya sa Yaya ya tura gadonsa can ƙurya, ya rataya tsohon labule a tsakani, ya jera sifanoni da gwangwanayen baƙin mai a kan teburin da Baba ke ajiye tabarau.

Da kwancewa da ɗaurawa ne kaɗai, da da sauƙi. Amma injin da aka sa wa sabon fistan ba a hawansa nan take. Sai an tayar da shi an bar shi yana aiki a tsaye awa huɗu ko biyar, an ƙara masa baƙin mai a cikin fetur fiye da ƙa'ida, har ringin fistan ya zauna daidai. Hayaƙin da yake fitarwa a lokacin shuɗi ne, mai kauri, mai maiƙo. Taga ɗaya ce a ɗakin, ita ma Yaya ya toshe ta da kwali da tsumma, wai kada ƙura ta faɗa cikin buɗaɗɗen inji. Ƙofa kuma a rufe, saboda maƙwabta sun taɓa kai ƙorafin ƙara, kuma ba ya son sauran makanikai su leƙo su saci fasaharsa. Shi idan ya tayar da injin sai ya fito ya zauna a benci a waje yana shan iska da abokansa.

Ni ina aure a layi na uku daga gidan, kullum da safe nake zuwa in wanke Baba in ba shi abinci. Ranar da na fara yi wa Yaya magana, na tura ƙofa ne ban ga gadon ba sai da na kore hayaƙin da mayafina. Baba na kwance idanu jajur, hawaye na bin gefen fuskarsa suna shiga kunne, yana bugun katifa da hannun hagu. Na fito ina tari na sami Yaya yana goge hannu da tsumma.

"Yaya, don Allah kashe injin nan. Baba ba ya iya numfashi."

"Saura awa biyu," ya ce, ko ɗagowa bai yi ba. "Idan na kashe yanzu aikin ya lalace."

"To a fito da shi tsakar gida mana."

"Babur ɗin ko Baban?"

Abokansa suka yi dariya. Na ce ko wanne. Ya ce babur ba ya fita, Baba kuma rana ta yi masa zafi a waje, kuma wa zai riƙa ɗauka yana mayarwa, shi bayansa ba na ƙarfe ba ne.

"Ke kin manta wa ya koya mini aikin nan? Mutumin da ya shekara arba'in yana shaƙar hayaƙin inji, yau ne zai dame shi? Ke ce dai baƙuwa. Shi ƙarar nan ma ɗebe masa kewa take yi."

Na koma ciki na jiƙa ƙyalle na ɗora wa Baba a hanci, na zauna ina yi masa fifita har injin ya gama awanninsa. Da na koma gida mijina ya tambaye ni ko gidan mai na kama aiki, don har gashina wari yake.

Daga nan kullum sai abin ya ƙara gaba. Tari ya kama Baba, irin wanda ke fitowa daga can ƙasan ƙirji, kuma mutumin da rabin jikinsa ba ya aiki ba ya iya tofarwa. Sai in tallafo kansa in sa ɗan yatsa da ƙyalle in ciro majinar, baƙa wuluk. Idan na goge masa fuska da farin tawul sai ya fito kamar an goge gindin tukunya. Ruwan shansa da ke kofi a gefen gado wani maiƙo yake yi a sama. Abinci ya fara gagararsa, cokali biyu uku sai ya kawar da kai. Ya koma yawan barci da rana tsaka, barci mai nauyi da sai na girgiza shi sosai kafin ya buɗe ido, in ya buɗe kuma sai ya dafe goshi da hannunsa mai lafiya yana nishi.

Na je wurin matar Yaya a ɗakinta na can baya. Na tarar ta cusa tsohon zane a ƙasan ƙofarta don kada hayaƙi ya shigo wa 'ya'yanta. Ashe ta san abin da yake yi.

"Ke da kike gidan nan, ba za ki yi masa magana ba?"

"Ni in ce me? Ubanku ne, ku kuka san tsakaninku. Rannan na ce ko za a mai da aikin zaure, ya ce in na gaji da cin abincin da injin ke kawowa in faɗa masa. Ni dai ba na son tashin hankali."

"Amma kin toshe ƙofarki."

Ta sunkuyar da kai tana tsince shinkafa.

Babban da ya rage mana shi ne Baffa, ƙanin Baba. Na je har gidansa na durƙusa na faɗa masa komai, ina kuka. Ya ce zai zo ya gani da idonsa, kuma ya zo ɗin, sai dai ya aika wa Yaya tun jajibiri cewa yana tafe. Ranar an share ɗaki, an ɗage labule, an kunna turare, babur ɗaya ne kawai a gefe an lulluɓe shi da bargo. Yaya da kansa ya zauna a bakin gado yana matsa wa Baba ƙafa, abin da ban taɓa ganin ya yi ba. Baffa ya dube su ya gyaɗa kai.

"Ke kuwa 'yar nan, ina hayaƙin? Yaro ya ajiye ubansa kusa da shi yana aiki yana duba shi, wasu fa can bayan gida suke jefa nasu. Tarin nan na tsufa ne. Ki daina ɗaga hankalin mutane."

"Baffa, ka shinshina bargon da Baba yake rufa da shi."

"Ba na son rashin kunya. Yayanki ne."

Baba ya yi ta gurnani yana kallon ƙaninsa, yana nuna babur ɗin da hannu. Yaya ya yi murmushi ya ce, "Ka gani ko Baffa, so yake in tayar masa ya ji." Kafin Baffa ya tafi Yaya ya duba masa filogin babur ɗinsa ya wanke masa kafireta kyauta. Na tsaya a tsakar gida ina jin suna dariya a waje.

Kwana uku bayan haka na yi abin da ya jawo mini. Na shigo na tarar Yaya ya fita sayo kaya, inji ɗaya na aiki, wani kuma a buɗe a kan tebur an jera hanjinsa a kan jarida. Baba na jan numfashi da wata ƙara kamar ana jan ƙarfe a kan siminti. Ban san yadda ake kashe abin ba, na murɗa nan na danna can har Allah ya sa ya mutu. Na hau kujera na yage kwalin taga, na watsar da tsummokaran, na buɗe ƙofa wangale. Iska ta shigo. Na ga ƙirjin Baba yana ɗagawa yana sauka a hankali, ya lumshe ido, ya kama gefen zanena ya riƙe.

Yaya ya dawo ya ga taga a buɗe. Bai kalli gado ba, kan tebur ya nufa. Ya ɗauki fistan ya ɗaga shi sama yana dubawa, ya shafa da yatsa.

"Kin san ƙwayar yashi ɗaya in ta shiga nan me za ta yi? Aikin kwana huɗu kika kashe mini."

"Kai kuma ubanka kake kashewa."

Ban san lokacin da maganar ta fita daga bakina ba, kuma ban janye ba. Ya ɗaga hannu, sai kuma ya sauke. Ya ce tunda ni ce mai tausayi shi ne azzalumi, daga yau in riƙa zuwa da asuba in gama abin da zan yi kafin ya fara aiki, da yamma kuma sai ya tashi. Tsakanin nan ƙofa a kulle take. Washegari na tarar ya buga katako a tagar da ƙusoshi, ya kuma sa kwaɗo a ƙofa.

Kwanakin nan ba zan manta da su ba. Ina ɗakina ina wanki ko girki, amma kunnena na can. Idan iska ta juyo nakan jiyo ƙarar injin daga nesa, sai in saki abin da nake yi. Nakan bar tukunya a wuta in zo in tsaya a bayan ɗakin ta waje, in kara kunne a katakon taga ko zan ji tarinsa. Idan na ji tarin, hankalina ya tashi. Idan ban ji ba, ya fi tashi. Na roƙi abokan Yaya da ke zama a benci su sa baki, ɗaya ya ce maganar gida ce, ɗaya ya ce ai Injiniya ya san abin da yake yi. Na roƙi masu kawo babura, suka ce su dai aikinsu suka zo karɓa. Mijina ya je ya same shi cikin girmamawa, Yaya ya ce masa suruki ba ya shiga abin da ba a sa shi ba.

Wata Laraba aiki ya yi masa yawa, ya tayar da inji uku a lokaci guda ya kulle ya tafi kasuwar kayan gyara. Da azahar matarsa ce ta rugo gidana ba takalmi, ta ce hayaƙi har ɗakinta, kuma tun ɗazu ba ta ji motsin tsoho ba. Na ɗauki taɓarya na je na daki kwaɗon har ya ɓalle. Ban ga komai ba da na shiga, da lalube na kai gadon. Baba ya saki, kansa ya langaɓe, leɓensa ya canza launi, ya yi amai ya gangaro masa a wuya. Na kira shi na kira shi bai motsa ba. Muka mirgino shi kan tabarma ni da ita muka ja shi har tsakar gida, wani mai mota a layin ya taimaka muka kai shi asibiti.

Likitan da ya karɓe shi ya sa masa abin numfashi a hanci, ya saurari ƙirjinsa ya daɗe, sannan ya juyo ya dube ni.

"A ina bawan Allah nan yake kwana? Gobara aka yi?"

Na faɗa masa. Ya cire tabarau ya ajiye, ya ce a kira masa babban ɗan. Da Yaya ya iso da baƙin mai a farcensa, likita ya ce masa da an ƙara rabin awa da gawa za a ɗauko. Ya ce huhun ya riga ya ji jiki, kuma duk ranar da aka sake mayar da shi cikin hayaƙin nan kada a wahalar da kai a kawo shi, don ba zai iso ba. Yaya ya ce to, in Allah ya yarda za a kiyaye. A bakin ƙofa ya ja ni gefe ya tambaye ni wa ya kashe masa injinan, kuma ƙarfe nawa.

Kwana tara Baba ya yi a asibiti, kuma su ne kwanakin da na fi ganinsa da rai tun da ya kwanta. Gadonsa na kusa da taga. Jan idonsa ya washe, majina ta fara fari, ya koma cinye abincinsa har yana nuna a ƙara. Wata ma'aikaciyar jinya tana tsokanarsa tana ce masa angonta, shi kuma ya yi mata dariya da rabin baki. Na aske masa gemu, na yanke masa farce. Na fara sa rai, abin da bai kamata in yi ba.

Ranar sallama muka zauna a barandar asibiti, ni da mijina da Baffa da Yaya. Mijina ya ce ɗakinmu biyu ne, mun kwashe kayan ɗaya mun share, a ba mu Baba. Na durƙusa a gaban Baffa a kan simintin nan, mutane na wucewa suna kallona.

"Baffa, ka ji abin da likita ya ce. Ka bar mini shi ko wata ɗaya ne."

"Ki tashi, kina tara mana jama'a," in ji shi. "Mutum da gidansa, da ɗansa namiji a raye, a ɗauke shi a kai gidan suruki? Me za a ce da mu? A ce yaron nan ya kasa riƙe ubansa?"

"A ce ɗin mana. Ai gara a ce da a binne shi."

"Rai a hannun Allah yake, ba a hannun likita ba. Kuma yayanki ya ce ya gyara ɗakin."

"Na gyara," Yaya ya ce. "Kwana biyu na ɓata a kai, ku zo ku gani."

Muka ɗauko Baba a mota. Tun da muka shigo layin ya fara waige-waige, da ya ga ƙofar gidan sai numfashinsa ya canza. Yaya ya riga mu sauka ya buɗe ɗakin yana nuna wa Baffa gyaran da ya yi. Ya cire labule ya kafa falankin katako a madadinsa, wanda bai kai rufi ba da kamu biyu. Ya kuma sayo 'yar fanka ya ɗaura a jikin gado. Tagar na nan da ƙusoshinta. Babura huɗu na jere, biyu an ɗaure musu sababbin injina suna jiran a tayar.

"Ma sha Allah," Baffa ya ce. "Ai ka yi ƙoƙari."

Na ce wannan ba gyara ba ne, na ce hayaƙi ta sama zai bi, na ce fanka juya shi kawai za ta yi. Na faɗa da ƙarfi, na faɗa a hankali, na haɗa su da Allah. Baffa ya ce in na ƙara magana ya cire hannunsa a kaina har abada, kuma in zo in kama a shigar da mutum, rana na dukansa. Mijina ya kalle ni ya sunkuyar da kai, don shi ba shi da ta cewa a gidan. Yaya ya ɗauki Baba ta kafaɗu, aka ce in kama ƙasa.

Mun zo daidai bakin ƙofa Baba ya miƙa hannun hagu ya damƙi katakon ƙofar. Muka ja, ya ƙi saki. Mutumin da kofi ke gagararsa ɗauka, ranar sai da jijiyoyin hannunsa suka tashi. Yana gurnani, yana kallon Baffa, yana kallona, yawu na zuba ta gefen bakin da ya karkace.

"Tsufa ke nan," in ji Baffa. "Sai rigima kamar ƙaramin yaro."

Yaya bai yi faɗa ba. Da murya mai taushi ya ce, "Saki mana Baba, gida ne. Ɗakinka ne fa." Ya tallafe shi da gwiwa, ya sa hannu ya fara ɓanɓare yatsun ɗaya bayan ɗaya. Ya ɗaga ƙaramin, ya ɗaga na kusa da shi, Baba ya mayar, ya sake ɗagawa. Babban yatsan ne ya fi ba shi wahala.

Masu cewa tsohon nan ba ya magana, ƙarya suke yi. Ya yi magana a bakin ƙofar nan a gaban ƙaninsa da 'ya'yansa biyu da surukinsa, kuma babu wanda bai gane abin da ya ce ba. Yau kwana shida ke nan. Ina zuwa da asuba ina zuwa da yamma kamar yadda aka yanka mini, majinar ta koma baƙa, kuma ya daina kallona idan na shigo. Ina zagin Yaya a zuciyata, ina zagin Baffa, amma duk lokacin da na zo kan kaina sai bakina ya mutu. Da aka ɓanɓare yatsan ƙarshe aka wuce da shi ciki, ni ce nake riƙe da ƙafafunsa.